Robobi Shida Da Ke Ɗauke Da Motar Babanmu



Duk wanda ya tashi tayar da tsohuwar mota, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne fenti. Daga nan sai kujeru, sai fitilu, sai sabbin tayoyi. Da wuya ka ji wani ya ce bari ya fara da robobin da bodin mota ke zaune a kansu, domin ba a ganinsu sai an kwanta a ƙasa an haska tocila. Amma a gidanmu waɗannan robobi sun sa mun kwashe kusan wata guda muna ja-in-ja. Yanzu da motar ta koma bakin aiki, na ga ya dace in rubuta yadda muka yi, saboda na san a cikinmu akwai masu tsofaffin a-kori-kura a Legas da Ibadan da Abekuta da Fatakwal, waɗanda ke tunanin tayar da su tunda kuɗin wata, ko da ta Beljiyam ce, ya fi ƙarfin talaka.

Motar da nake magana a kai Toyota Hilux ce mai ƙofa biyu, zubi na huɗu, wato irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1983 da 1988. Kamfanin ya fara fitar da Hilux tun 1968, don haka ko a danginta ita ba yarinya ba ce. Marigayi Babanmu ya saye ta hannu na biyu ina firamare, a zamanin da a-kori-kurar Peugeot 404 da 504 ta Kaduna ce ta cika hanya. Da ita yake shiga ƙauyukan ƙasar Remo yana kwaso goro zuwa Sabon Shagamu, inda ake tsincewa a ɗaure huhu a loda wa manyan motoci zuwa Arewa. Da guminta aka biya mana kuɗin makaranta, da shi aka aurar da yayyenmu mata. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a ajiye ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gida, kaji na kwana a cikinta.

Bara ƙaninmu, autan Inna, ya gama karatu ya zauna ba aiki. Muka yi shawara mu haɗa kuɗi, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a tayar da motar ya riƙa dakon goro da kayan gwari da ita. Kun ga ke nan kuɗin ba na mutum ɗaya ba ne, kuma a ƙirge suke. Duk naira ɗaya da ta tafi wani wuri, an rage ta ne daga wani wurin. Motar kuma ba ta ado za a yi ba, abincin yaro ne a jikinta.

Bari in ɗan yi bayanin ginin irin wannan mota, don wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashinta ba. Ƙananan motocin zamani bodinsu da ƙashinsu a haɗe suke, abu ɗaya ne. Hilux da ire-irenta ba haka suke ba. Akwai shasi, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa da gajeru a tsakani kamar tsani. A kansa inji da giya da sifirin da tayoyi suke. Sai kuma kan motar, inda direba ke zama, wanda aka ƙera daban da falle-fallen ƙarfe marasa kauri aka ɗora a bisa. Bodin baya na lodi shi ma ɗaurinsa daban. Kan motar ba ya taɓa shasi kai tsaye. A jikin shasi akwai kunnuwan ƙarfe da aka yi wa walda, a kan kowane kunne akwai roba, a kan robar kai yake zaune. A tamu motar na ƙirga wurare shida: biyu a can gaba ƙarƙashin lagireto, biyu daidai inda direba da fasinja ke ajiye ƙafa, biyu a bayan kujera.

Kowane wuri kuma ba roba ɗaya ba ce. Akwai ta sama mai kauri wadda ke ɗaukar nauyi, akwai ta ƙasa wadda ke riƙe kai kada ya yi tsalle idan an faɗa rami, akwai ɗan bututun ƙarfe a tsakiyarsu, sai washa sama da ƙasa, sai dogon bol da notinsa da ya ratsa su duka. Wannan ɗan bututun shi ne alƙalin wurin. Idan ana ɗaure noti, da zarar washa ta iske bakin bututu, ɗauri ya ƙare. Shi ke hana a matse roba fiye da yadda aka tsara mata.

Aikin robobin uku ne. Suna shanye girgizar inji da ta hanya kafin ta iso jikin mutum. Suna riƙe kai a daidai tsayin da aka ƙera shi. Na uku, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, shi ne murɗiya. Idan mota mai lodi ta hau hanyar ƙauye, tayar gaba ta dama a kan tudu, ta baya ta hagu a rami, shasi yakan ɗan murɗe ya dawo, kuma haka aka yi shi. Kan mota kuwa akwati ne mai ƙofofi da gilashi, ba ya son murɗiya. Roba ce ke shiga tsakani, ta bar shasi ya yi motsinsa ba tare da ya ja kai ba. Idan ta mutu, duk wannan wahala a kan ƙarfen daɓen mota da ginshiƙan ƙofa take sauka.

Alamun mutuwarsu duk sun bayyana a motar Baba. Ƙofar direba sai an ɗaga ta da gwiwa kafin ta rufu. Idan ka tsaya a gefe ka dubi layin da ya taso daga ƙofa ya wuce bodin baya, sai ka ga na kai ya sauka ƙasa da na baya. Sandar giya na gugar bakin raminta. Da aka tayar da inji kuma muka ji fanka na taɓa murfinta, kar-kar-kar. Ni na ɗauka matsaloli huɗu ne daban-daban, har bakanikenmu ya haɗa mana su wuri guda. Dattijo ne Bayarabe wanda ya yi wa Baba aiki shekara da shekaru, Hausa a bakinsa kamar haifaffen Fagge. Ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Fanka tana jikin inji, inji yana kan shasi. Lagireto da murfin fanka suna jikin bodi. In bodi ya sauka, dole su gaisa. Haka sandar giya. Haka ƙofa. Ciwo ɗaya ne."

Ya ƙara nuna mini abin da ya fi tayar mini da hankali. Sandar sitiyari tana ɗaure a jikin kai, amma akwatin sitiyarin yana jikin shasi. Tukunyar man birki tana jikin kai, bututunta na ƙarfe kuma sun sauka sun bi shasi zuwa tayoyi. Idan kai yana rawa a kan shasi, waɗannan su ke shan lanƙwasa kullum. Ƙarfe kuwa in aka yi ta lanƙwasa shi yana dawowa, wata rana zai tsage. Na tuna autan Inna ne zai riƙa gangarowa da lodi a babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, a tsakiyar tireloli. Daga ranar maganar roba ta tashi daga maganar jin daɗi a wurina.

Da aka ɗaga kai aka ciro su, mun ga tarihi. Biyu na gaba baƙin mai ya jiƙa su shekaru, sun kumbura sun yi laushi kamar tuwon da ya kwana. Biyu na baya sun bushe sun tsattsage, kana murzawa suna zuba. Na tsakiya a ɓangaren direba kuwa ba robar mota ba ce ma, yankan tsohuwar taya ne guda uku da wani ya jera a wani gyara na can baya, ba bututu a tsakiya. Wayoyin cikin tayar sun yi tsatsa, ruwa ya kwanta a tsakanin yankan, ya cinye kunnen shasi har ramin bol ya zama kusan ninki biyu na faɗinsa. Daɓen motar a daidai wurin ya tsage kamar tsawon yatsa. Wanda ke zaune a Kudu ya san yadda damina take a nan: wata shida ko fiye ana ruwa, iska kullum da laima. Motar da za ta shekara talatin a Sakkwato ƙarfenta garau, a nan tsatsa ke bin ta ta duk inda ruwa ya samu wurin kwanciya.

Daga nan gardama ta tashi, domin hanyoyi huɗu ne a gabanmu.

Babban yayanmu, wanda ya fi kowa zuba kuɗi, ya tsaya a kan a yanko robar taya. Ya ce, "Kai dai ka cika son ƙaƙale. Motocin haya nawa ne ke yawo da ita? A yanka a sa, ragowar kuɗin a yi fenti mai kyau, yaro ya samu masu ba shi lodi." Maganarsa ba ta banza ba ce. Masu yanka robar taya sun rufa wa direbobi da yawa asiri, kuma in mota ta lalace maka a daji, ita ce za ta kai ka gida. Amma na ce masa, "Yaya, zo ka ga abin da ta yi." Na kai shi gareji ya sa yatsa a ramin da tsatsa ta ci. Taya an yi ta ne da zare da waya a ciki don ta riƙe iska ta jure gugar kwalta. In aka yanka ta, bakin zaren da wayar a buɗe suke, suna jan ruwa. Kaurin yankan ba ya zuwa daidai, wani ya fi wani, sai kai ya zauna a karkace. Tunda ba bututu, ba inda ɗauri ke tsayawa: yau a matse, bayan wata biyu ta lotsa, noti ya saki, bol ya fara cin ramin. Kuɗin waldar da muka biya a wannan kunne ɗaya ya fi abin da mai wancan gyaran ya yi tsimi. Araha ba ta ado. Yaya ya yi shiru, ya ce a ci gaba da bincike.

Hanya ta biyu ita ce a ciro na jikin wata Hilux da aka farke, irin kayan Beljiyam. Ga inji ko giya ko ƙofa, wannan hanya ce mai kyau, mu ma ƙofar bodin baya a can muka samo. Amma roba ba ƙarfe ba ce. Tana tsufa ko ana aiki da ita ko ba a yi. Zafi da iska suna busar da ita, nauyi kuma yana danne ta har ta kasa dawowa. Duk motar da ta yi zamani da tamu, robarta ta kusa shekara arba'in a ƙarƙashin nauyi. Bakanikenmu ya ce wannan kamar a cire wa tsoho haƙori ne a dasa masa na sa'ansa. Abin da muka amfana da shi daga can shi ne bututu da washa na asali, waɗanda tsatsa ba ta taɓa ba.

Hanya ta uku autan ne ya kawo ta a wayarsa. Ya ga bidiyon masu tayar da tsofaffin a-kori-kura a Amurka, irin su Chevrolet C10 da Ford F-100, suna sa wasu jajayen robobi masu sheƙi. Ya ce, "Yaya, waɗannan ba sa mutuwa. In mun sa, mun huta har abada." Sunan abin foliyuretan. Wani Bajamushe, Otto Bayer, da abokan aikinsa suka ƙirƙiro shi a 1937, kuma kamfanoni irin su Energy Suspension da Prothane a Amurka suna sayar da shi saiti-saiti, ja ko baƙi. Na zauna na karanta a kansa sosai, domin yaron bai yi ƙarya ba. Baƙin mai ba ya narkar da shi yadda yake yi wa roba, ba ya tsattsagewa da wuri, kuma ba ya lotsawa sosai a ƙarƙashin nauyi.

Sai dai ƙarfinsa shi ne kuma aibinsa. Akwai ma'aunin taurin roba da ake kira Shore A, mai tafiya daga 0 zuwa 100. Fuskar tayar mota tana wajen 60 zuwa 70. Robar da kamfanoni ke sa wa a ƙarƙashin bodi ba ta cika wuce nan ba, sau da yawa ma ta fi laushi. Foliyuretan da ake sayarwa don wannan aiki yawanci daga 80 yake zuwa sama. Abin da ya fi tauri ba ya shanye girgiza, miƙa ta yake yi. Wanda ya gina mota don tsere, ko don ya kai ta baje koli a kan lafiyayyar kwalta, yana iya son haka. Mu kuwa motarmu daɓenta ya tsufa, tsatsa ta rage masa kauri, har an yi masa faci. Hanyar da za ta bi ta gonakin goro ce, gargada da ramuka da zaizayar ruwa. In muka sa abu mai tauri a wurare shidan nan, duk murɗiyar shasi a kan tsohon ƙarfe za ta ƙare. Gara roba ta gaji a canja ta, da a ce bodi ne ya gaji.

Akwai kuma maganar yanayi. Kowa ya taɓa ganin takalmin da aka ajiye a akwati shekara biyu ko uku, ranar da aka ɗauko za a sa sai ƙasansa ya ruɓushe kamar gari. Irin wannan ƙasan takalmi sau da yawa foliyuretan ne, laima da zafi ne suka karya shi. Na mota ya fi wannan tauri nesa ba kusa ba, kuma akwai nau'in da ke jure laima, amma akwai wanda ba ya jurewa, ido kuma ba ya bambanta su. Jan launi ba shaida ba ne, kowa na iya zuba ja a cikin abin da ya narka. Ga shi yana son man shafawa nasa na musamman, in ya bushe ya dinga ƙara kamar tsohon gado. Amfaninsa babba shi ne jure baƙin mai, maganin wannan kuwa a toshe inda injin ke yoyo, wanda dama yana cikin lissafinmu.

Saura hanya ta huɗu: sabuwar roba irin ta asali. A kanta muka tsaya, amma tsayawa a kanta ba shi ne ƙarshen aiki ba, domin samun ta ƙwarai ga motar da ta kai wannan shekaru sai da natsuwa.

Abu na farko, kada ka je kasuwa da sunan mota kawai. "Tsohuwar Hilux" ba adireshi ba ne. A cikin ɗakin inji akwai ɗan allon ƙarfe da aka buga lambar ƙirar motar, lambar shasi kuma an buga ta a jikin ƙarfen shasin. A Hilux na wancan zamani, harafin farko yana nuna dangin inji: R da Y na fetur ne, L na dizal, shi ya sa za ka ji ana cewa RN ko YN ko LN. Tamu YN ce. Da wannan lamba ake nemo lambar kayan, wadda a Toyota lambobi goma ce, biyar da biyar. Mai jan taya biyu da mai jan huɗu ba lallai robarsu ta zo ɗaya ba, kuma ko a mota ɗaya ta gaba da ta tsakiya da ta baya kowace da tsayinta da faɗinta.

Abu na biyu, awo. Kowace roba da aka ciro mun sa ta a leda daban da bututunta da washarta, muka rubuta wurinta: gaba dama, gaba hagu, haka har shida. Bakanike ya auna faɗin ramin kowane kunne, da tsawon bututu, da kaurin bol, da ma'auni mai baki biyu da ke nuna milimita. Ya gargaɗe ni kada in auna tsayin tsohuwar roba in ce shi zan saya, domin ta riga ta lotsa. Tsawon bututu shi ne ke faɗin gaskiyar yadda wurin yake tun asali.

Da ledojin nan da takardar awo muka shiga Ladipo a Mushin. Wanda ke Gabas yana da Nkwo Nnewi da Mgbuka Obosi, na Ibadan yana da Agodi Gate, in an koma gida kuma ga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. A kowace babbar kasuwa akwai mai kyau akwai na banza, kuma ɗan kasuwa yakan fito maka da abin da ya ga idonka ya sani. Ga yadda dattijon nan ya riƙa gwadawa, ina tsaye ina kallo. Yakan danna farcensa a jiki: ta ƙwarai tana lotsawa kaɗan ta dawo nan take, ba ta barin shaida. Yakan lanƙwasa bakinta a cikin haske, in ƙananan tsaga suka bayyana ya ajiye, domin ta tsufa a kan kanta ko da ba a taɓa sa ta ba. Yakan goga ta a farar takarda, wadda ta bar baƙin shafi mai yawa ya ture ta gefe. Yakan shinshina, mai warin ƙonanniyar taya ya ce narkakken tarkace ne aka sake zubawa. Sannan ya jera biyu-biyu a kan tebur ya ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kai, ya ga ko tsayinsu ɗaya. Mun shiga shago biyar kafin saiti ya cika. Hudu mun same su a ledar kamfani da lambarsu, biyu na gaba kuma na wani kamfani ne daban da awonsu ya zo daidai da namu.

Mun canja duka shida a lokaci ɗaya. Akwai masu canja wadda ta fi lalacewa su bar saura, amma sabuwa ta fi tsofaffin tsayi, sai nauyi ya taru a kanta, kai ya karkace, ita ma ta mutu da wuri.

Sai maganar bol, wadda ake yawan rainawa. Uku daga cikin namu tsatsa ta cinye tsakiyarsu sun zama kamar ƙugun zanzaro, ɗaya ma sai da aka yanke shi. Kada a maye gurbinsu da bol ɗin masu gini ko na ƙofar gida. A kan bol na ƙwarai akwai lambar ƙarfinsa, irin 8.8 ko 10.9, na Japan kuma suna da tasu alamar. Zaren bol ɗin motocin Japan yawanci ƙanana ne, tazarar milimita 1.25 a masu kaurin 10 da 12, don haka notin da ba nasa ba zai shiga zagaye biyu ya cije, in aka tilasta shi ya cinye zaren. A sayi bol da notinsa tare, a gwada su da hannu tun a shago.

Kafin a sa sabbin, sai da mai walda ya yanke ruɓaɓɓen kunnen nan ya dasa sabon ƙarfe mai kaurin na asali, ya huda rami daidai awo, ya kuma ɗinke tsagar daɓen. Aka kankare tsatsar sauran kunnuwa aka shafa jan fenti mai hana tsatsa, aka bar shi ya bushe. Sabuwar roba a kan ruɓaɓɓen ƙarfe asarar kuɗi ce.

Ranar sawa na ga dalilin da ya sa aikin nan ba na gaggawa ba ne. An cire kan batir. An sassauta notuna shida duka, amma ɓangare ɗaya kawai aka cire, aka bar na ɗaya ɓangaren a jiki don kada kai ya goce daga mazauninsa. Aka sa jak da faffaɗan katako a ƙarƙashin kai, don kada bakin jak ya huda daɓe, aka ɗaga kaɗan, iya yadda roba za ta fita wata ta shiga. Yaro ɗaya aikinsa kawai ya tsaya yana kallon murfin fanka da tiyon lagireto da bututun birki da na kuloci da sandar sitiyari, in ya ga wani ya miƙe ya yi magana. An cusa guntun katako tsakanin kai da shasi kafin kowa ya kai hannu, domin jak ba abin amincewa ba ne, yatsu kuma ba su da safaya. Da ruwan sabulu aka sulluɓa robobin, ba da giris ko baƙin mai ba, tunda su ne maƙiyan roba. Da aka gama ɓangare ɗaya aka koma ɗayan. Ba a ɗaure ko ɗaya tamau ba sai da duka shida suka zauna, aka buɗe ƙofofi aka rufe, aka duba layin kai da na bodin baya, sannan aka bi su ɗaya bayan ɗaya har washa ta iske bututu. Bayan mako biyu ana aiki da motar aka koma aka sake bin notunan, domin sabuwar roba takan ɗan zauna.

A nan ne amfanin fara wannan aiki kafin fenti ya fito. Da a ce mai gyaran bodi ya riga ya daidaita ƙofofi a kan karkataccen kai, ya cike ya shafe ya fesa, to ranar da aka sa sabbin robobi kai ya miƙe, ƙofofin ba za su sake zama daidai ba, sai an kwance an sake, sabon fenti ya ƙwarzane. Mu da aka sa robobin, ƙofar direba da muke shirin biyan kuɗin gyaranta sai ta rufu da turin yatsa biyu, ɗan saiti kawai aka yi wa maƙullinta. Fanka ta yi shiru. Sandar giya ta dawo tsakiyar raminta. Kuɗin da muka ware wa waɗannan uku shi ya cike giɓin kuɗin roba, Yaya kuma ya samu fentinsa, fari irin na asali, sai dai ya zo a ƙarshe.

Ba na cewa kowa ya bi abin da muka zaɓa. Wanda daɓen motarsa lafiya lau yake, hanyarsa kwalta ce, kuma ya samu foliyuretan daga hannun da ya amince da shi, zai iya sawa ya daɗe bai sake waiwayar wurin ba. Abin da nake cewa shi ne a tambayi motar kafin a tambayi kasuwa: wane aiki za ta yi, wace hanya za ta bi, ƙarfenta nawa ya rage, wa zai zauna a ciki. Amsar waɗannan ita ke zaɓen roba.

Lodin farko da autan ya yi, daga wani ƙauye ne a hanyar Ikenne. Inna ta ce sai an tafi da ita, duk da ciwon bayan da ya hana ta doguwar tafiya a mota. Muka sa mata matashi, na zauna a baya kan buhuna ina leƙensu ta gilashi. Da muka dawo na buɗe mata ƙofa na ce, "Inna, yaya bayan?" Ta ce, "Lafiya ƙalau. Haka take tafiya lokacin da mahaifinku ya kawo ta." Ta juya ga autan ta ce ya riƙa wanke ƙarƙashinta duk ranar da ya shiga taɓo, haka Baba yake yi.

Yanzu watanni ke nan yana fita da asuba yana dawowa da la'asar, har ya fara mayar wa Yaya wani abu daga cikin kuɗinsa. Mai irin wannan mota a ajiye, kafin ya kira mai fenti, ya samu tocila ya kwanta a ƙarƙashinta ya ƙirga robobinsa. Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a abin hawanmu, ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu.